A Kafa Wa Manoman Lambata Gonar Koyarwa

Duk wanda ya saba bin hanyar Suleja zuwa Minna ya san Lambata, domin nan ne hanya ta rabu biyu, ɗaya ta miƙe zuwa Minna, ɗaya kuma ta karya zuwa Lapai da Agaie da Bidda. Gari ne na manoma a ƙaramar hukumar Gurara, cikin masarautar Suleja, inda Gwari da Hausawa da Fulani da Nufawa ke zaune tare tun kaka da kakanni. Daga kasuwarsa ne motoci ke lodin doya da masara da dawa da shinkafa da gyaɗa zuwa Suleja da Abuja, har ma da garuruwa masu nisa. Wanda ya ga tulin doya a bakin hanya lokacin kaka zai ɗauka cewa ƙasar wannan yanki ba ta san gajiya ba, alhali kuwa ta fara gajiya, kuma manoman da ke duƙe a kanta su ne suka fi kowa sanin haka.

Dalilin gajiyar ba ɓoyayye ba ne. A da, idan gona ta yi shekara uku ko huɗu ana nomanta, sai mai ita ya bar ta ta zama saura, ya sassabe wani wuri, daji ya rufe tsohuwar har ta maido da ƙarfinta. Tun daga shekarar 1991, lokacin da aka mai da hedkwatar ƙasa Abuja, jama'a suka yi ta kwarara zuwa Suleja da kewayenta, fili ya yi tsada, bakunan da ake ciyarwa suka ƙaru, hutun gona ya gajarta, a wasu wuraren ma ya ƙare ƙurmus. Aka maye gurbin hutun da buhun takin zamani. Sai ga shi farashin buhun ya yi tashin gwauron zabo a 2022 sakamakon yaƙin Rasha da Yukiren, sannan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya ƙara kuɗin dakonsa. Manomin da ya daina hutar da gona, kuma ya kasa sayen taki, ba shi da abin da zai ba ƙasarsa sai ƙarfin damtsensa, shi kuwa ƙarfin damtse ba ya zama abincin shuka.

Saboda haka wajibi ne hukumomi da masu faɗa a ji su dubi wata buƙata wadda ba ta da ƙyalƙyali irin na jerin taraktoci, amma ta fi su dacewa da halin da talaka ke ciki. Wannan buƙata ita ce a kafa gonar koyarwa ta gama kai a Lambata, mallakar jama'ar gari, inda za a riƙa koya wa manya da yara yadda ake raya ƙasa da takin gargajiya, da juya shuka, da itatuwa, da dabbobi, a kuma nuna musu sakamakon a fili, damina bayan damina. Gwamnatin Jihar Neja ta ba noma muhimmanci, har Shugaban Ƙasa ya je Minna a 2024 ya ƙaddamar da shirin noma da injuna. Wannan abin yabo ne. Amma tarakta tana kafta ƙasa ne kawai, ba ta ƙara mata ko ƙwayar taki ɗaya, kuma ƙasar da ta mutu, ko da me aka huɗe ta, abin da za ta bayar kaɗan ne.

Darasin Mokwa

Jihar Neja ba ta buƙatar zuwa nesa domin ta ga abin da ke faruwa idan aka kawo injuna aka manta da manomi. A shekarar 1949 Turawan mulki suka kafa wani babban shirin noma a Mokwa, ƙarƙashin hukumarsu ta raya ƙasashen da suke mulka. Aka share daji da manyan injuna, aka gina ƙauyuka, aka nemo mutane aka zaunar da su, aka yanka wa kowane magidanci fili mai faɗin gaske. Tarakta ta yi huɗa, amma noman ciyawa ya rage wa fartanya, filin kuma ya ninka abin da iyali ɗaya ke iya nomewa. Kaso mafi tsoka na amfanin gona yana tafiya ga kamfani, manomin kuwa ba a tambaye shi abin da ya sani game da ƙasar da aka haife shi a kanta ba. Kafin ƙarshen 1954 kamfanin ya tattara nasa ya nasa ya janye da hasara mai yawa.

Bayan samun mulkin kai ma an sake gwada hanyoyi iri iri. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka tura ɗaliban manyan makarantu gonaki lokacin dogon hutu, aka karya farashin takin zamani. A 1980 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta zo da nata shirin na bunƙasa noma. Aka kuma kafa ayyukan raya noma da taimakon Bankin Duniya a Funtuwa da Gusau da Gombe, daga bisani har da Bidda. Babu mai musun cewa waɗannan shirye-shirye sun kawo alheri, domin ta hanyarsu ne masara ta zama babban abin nomawa a Arewa, kuma ta hanyarsu ne malamin gona ya shiga ƙauyuka da babur. Sai dai babban darasin da aka koya wa manomi a lokacin guda ɗaya ne, watau yadda zai zuba kamfa da yuriya da supa. Da tallafi ya janye, kuɗin malaman gona ya ƙafe, sai aka bar manomi da ilmin amfani da abin da ba ya iya saye, ilmin da ya gada kuwa an riga an sa ya raina shi.

Ilmin nan da aka raina shi ne ya ciyar da ƙasar Kano ɗaruruwan shekaru. A kewayen birnin Kano an daɗe ana noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da hutu ba, saboda da rani jakuna kan yi ta jigilar toka da shara da kashin dabbobi a mangala daga cikin birni zuwa gonaki, ana kuma gauraya gero da dawa da wake a kunya ɗaya, ana barin gawo da ɗorawa a tsaye. Haka nan a ko'ina cikin Arewa, bayan girbi, manomi kan gayyaci Bafulatani ya sauka da garkensa a gona, shanu su ci kara su bar taki, mai gona ya saka masa da hatsi. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Abin da ake nema a yau shi ne a ɗauko wannan tsohuwar zuma a haɗa ta da binciken zamani.

Inda aka gwada aka ga amfani

A ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar an kai lokacin da gonaki suka zama fayau, iska na kwashe ƙasa da iri. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan itatuwan da aka sare ba su mutu ba, suna tofo kowace shekara, manoma ne ke sake sassabe su. Sai aka shiga koya wa manoma su zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a kowane kututture su bar su, su riƙa yi musu aski. Wannan dabara, wadda mutanen can ke kira sassaben zamani, ba ta buƙatar komai sai wuƙa ko adda. Manomi ya gani a gonar maƙwabcinsa ya kwaikwaya, har masu bincike suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan kadada miliyan 5 a kudancin Nijar. Ruwan Lambata ya fi na Maraɗi nesa ba kusa ba, itatuwan ma ba iri ɗaya ba ne, amma hanyar da ilmin ya bi ya yaɗu ita ce abin lura, domin gani ya kori ji.

A Jamhuriyar Benin kuma akwai Cibiyar Songhai a Porto-Novo, wadda wani malamin addinin Kirista ɗan Nijeriya, Godfrey Nzamujo, ya kafa a 1985 a kan ɗan ƙaramin fili. Tsarinta shi ne kada a zubar da komai: kashin kaji da na dabbobi ya koma taki ko gas na girki, ruwan tafkin kifi ya shayar da lambu, ragowar amfanin gona ya koma abincin dabbobi. Matasa daga ƙasashen Afirka da dama suna zuwa su zauna watanni suna koyo da hannunsu, sannan su koma gida su kafa nasu. Daɗin daɗawa, tun 1989 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara abin da ake kira makarantar manoma a gona a ƙasar Indunisiya, inda manoma kamar 25 kan haɗu mako mako tun daga shuka har girbi, su duba gona tare, su rarrabe ƙwaron da ke ɓarna da wanda ke cin mai ɓarnar, su yanke shawara da kansu. Manoman shinkafar da suka bi wannan makaranta sun rage feshin magani ƙwarai, tsarin kuma ya bazu har ya iso Afirka.

Masarautar Suleja ita kanta tana da misali a cikin gida. A farkon shekarun 1950, lokacin da garin ke amsa sunan Abuja, aka buɗe makarantar koyon ginin tukwane ƙarƙashin wani Bature mai suna Michael Cardew. A 1954 Ladi Kwali ta shiga wannan makaranta da gwanintar da ta koya a gida irin ta matan Gwari. Ba a ce ta yar da abin da ta sani ba, sai aka ƙara mata da sabuwar hanyar gasa tukwane da yi musu sheƙi, har aikinta ya zaga duniya, hotonta kuma yana kan takardar Naira 20. Makarantar da ta mutunta ilmin maginiyar tukwane ta fitar da gwanar da ƙasa ke alfahari da ita, to me zai hana a yi wa manomin doya irin wannan mutunci a masarauta ɗaya?

Abin da za a koyar

Darasi na farko shi ne haɗa taki. Kowane gida a Lambata yana fitar da toka da shara da ɓawon doya da kashin awaki da na kaji, kasuwa kuma tana tara juji mai yawa wanda yanzu ya zama abin ƙyama. Idan aka tsince leda da kwalba, aka jera busasshen kara da ɗanyen ganye da kashin dabbobi hawa hawa a rami ko a tsibi, aka yayyafa ruwa, ana juyawa lokaci lokaci, cikin wata biyu zuwa uku sai ya ruɓe ya zama baƙar ƙasa mai laushi. Irin wannan taki yana ciyar da shuka, yana kuma sa ƙasa ta riƙe ruwa, abin da takin buhu ba ya yi. Darasi na biyu shi ne juya shuka. Wake da gyaɗa da waken suya suna da wasu ƙulle-ƙulle a saiwarsu masu jawo sinadarin da yuriya ke bayarwa daga iska, saboda haka masarar da ta biyo bayansu takan fi kyau. Bugu da ƙari, wasu irin waken suya suna yaudarar ƙwayar ƙuduji ta tsiro ta rasa saiwar da za ta kama ta mutu, ƙuduji kuwa shi ne babban abokin gaban dawa da masara a gonar da ta gaji.

Darasi na uku shi ne illar ƙona daji. Wutar da ake cinna wa gona da rani, ko don farautar gafiya ko don sauƙin sassabe, tana cinye ganye da karan da ya kamata su ruɓe su koma ƙasa, tana kuma kashe 'ya'yan kaɗanya da ɗorawa, alhali Jihar Neja na cikin manyan masu samar da man kaɗanya a ƙasar nan, kuma mata ne ke cin moriyarsa. Darasi na huɗu shi ne maganin ƙwari da adana amfanin gona. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta saboda yawan gubar maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Waken da Turawa suka ƙi, irinsa ne ake dafawa a gidajen talakawa. Ga shi kuwa akwai buhu mai ruɓi uku wanda ke toshe iska ya kashe ƙwaro ba tare da ɗigon magani ba, akwai kuma ruwan 'ya'yan dogon yaro da ake fesa wa kayan lambu. Inda kuma ya zama dole a yi feshin maganin kanti, sai a koya wa matasa awo da rufe jiki da kwanakin da za a jira kafin a tsinki amfanin.

Hanyar koyarwar ita ma tana da muhimmanci. A yanka filaye huɗu jere da juna, a shuka iri ɗaya rana ɗaya: na farko ba taki, na biyu takin gargajiya, na uku takin zamani, na huɗu a haɗa biyun. Ranar girbi a kira gari, a auna a gaban kowa da mudu da buhu, a rubuta kuɗin da aka kashe da kwanakin aikin da kowane fili ya ci. Manomi ba ya gardama da abin da ya auna da hannunsa. Kamar yadda yaƙi da jahilci na shekarun 1950 ya kai karatu gindin bishiya da Hausa, haka ya kamata a yi wannan karatu da Hausa da Gwaranci da Fulatanci, a lokacin da ba zai hana kowa aikin gonarsa ba.

Kada a wuce gona da iri

Akwai masu cewa komawa ga takin gargajiya koma baya ne, kuma ba zai ciyar da ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200 ba. Maganarsu tana da ƙanshin gaskiya, bai kamata a yi watsi da ita ba. Abin da buhun yuriya ɗaya mai kilo 50 ke ɗauke da shi na sinadarin sa ganye kore, sai an tara tan biyu ko fiye na busasshen kashin shanu kafin a same shi, kuma ɗaukar wannan kaya zuwa gona aiki ne ja. Ƙasar Siri Lanka ta gwada hana takin zamani dare ɗaya a watan Afrilu na 2021 ba tare da ta shirya manomanta ba, noman shinkafa da shayi ya faɗi, gwamnati ta janye dokar kafin shekara ta ƙare, a 2022 kuma tarzomar tsadar rayuwa ta kori shugaban ƙasar. Afirka ma dai matsalarta ƙarancin taki ce, shi ya sa shugabanninta suka taru a Abuja a 2006 suka ɗau alkawarin ɗaga abin da ake zubawa daga kimanin kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace kadada.

Don haka babu mai kiran a hana manomin Lambata sayen kamfa. Abin da binciken masana ya tabbatar shi ne, takin zamani ya fi yin aiki a ƙasar da ke da rai, wadda ke riƙe ruwa da taki, yayin da a ƙasar da ta zama rairayi ruwan sama kan wanke shi ya tafi da kuɗin manomi rafi. Wanda ya iya raya ƙasarsa, rabin buhu kan yi masa abin kirki, ranar da buhun ya gagara kuma ba zai tashi hannu rabbana ba. Kuskuren Siri Lanka shi ne ta kafa doka kafin ta koyar, gonar koyarwa kuwa koyarwa ce zalla, babu tilas a cikinta.

Wa zai yi me

Fili ba zai gagara ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin amfani da fili a karkara domin noma, saboda haka Majalisar Ƙaramar Hukumar Gurara, tare da hakimi da dagatai da albarkar Mai Martaba Sarki, za su iya keɓe 'yan kadada kaɗan kusa da ruwa, a rubuta su da sunan ƙungiyar gama kai ta manoma, yadda wani mai hannu da shuni ba zai wayi gari ya kewaye su da waya ba. Masana ma suna kusa. Akwai Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa a Baddegi, da Kwalejin Aikin Gona ta Mokwa, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Minna, da Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida a Lapai, wadda hanyarta ma ta Lambata take bi. Ɗalibansu na aikin gona suna buƙatar wurin koyon aiki, manoma kuma suna buƙatar mai auna musu ƙasa. Ita kuwa gwamnatin jiha, abin da ya rataya a wuyanta shi ne albashin malaman gona biyu ko uku mazauna garin, mace a cikinsu, da rijiya, da amalanke na ɗaukar taki. Duka wannan bai kai kuɗin tarakta ɗaya ba.

Lalle ne kuma kwamitin gonar ya ƙunshi waɗanda aka saba mantawa da su. Matan Gwari manoma ne na sosai, su ne kuma ke tsintar kaɗanya, ajin da ya rufe musu ƙofa ya rasa rabin ɗalibansa. Fulani makiyaya su ne masu taki, kuma zaman da zai sa manomi ya sake ganin garke a matsayin abin da gonarsa ke buƙata bayan girbi zai rage husumar da ke jawo hasarar rayuka da dukiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai kuma 'yan makarantar firamare da sakandare da almajiran tsangaya, waɗanda ya kamata a ba kowane ajinsu kunyoyinsa, su shuka, su girbe, su sayar, kuɗin ya shiga asusunsu. An daɗe ana hukunta yaro mai laifi da ba shi fartanya ya nome filin makaranta, sannan a dawo ana mamakin yadda samari ke gudun gona suna tafiya Suleja da Abuja haya da babur. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaron da ya ga ribar tumatirin da ya shuka da hannunsa ba zai ɗauki noma horo ba.

Wajibi ne kuma a kiyaye gonar daga cutar da ta kashe na gabanta. Kada ta zama wurin raba kwangila, kada a ɗaure ta da wa'adin shugaban ƙaramar hukuma, domin ƙasa ba ta farfaɗowa cikin damina ɗaya, sai an yi shekara uku zuwa biyar ana aiki kafin bambanci ya fito sarai. A riƙa karanta lissafin shiga da fita a bainar jama'a kowace kaka, abin da aka sayar na amfanin gonar da irin shuka da takin da aka haɗa ya riƙa komawa cikinta.

Kowace jam'iyya takan tuna da manomi idan zaɓe ya ƙarato, a raba masa buhunan taki a gaban 'yan jarida. Buhu yakan ƙare a damina ɗaya, ilmin raya ƙasa kuwa manomi zai bar wa 'ya'yansa tare da gonar. Wakilan Gurara a majalisar jiha da ta tarayya, da shugabannin jam'iyya na mazaɓu, su ne ya kamata su ɗauki wannan magana su kai ta inda ake tsara kasafin kuɗi, manoman Lambata kuma su riƙa tambayar duk wanda ya zo neman ƙuri'arsu inda aka kwana game da ita. Allah ya ba shugabanni ikon ji, ya kuma albarkaci damina.